Inda kwamfuta ke ajiye aikin da ba ta gama ba

Ga wata 'yar manhaja mai layi huɗu da aka rubuta da yaren Python. Aikinta shi ne ta tara lambobi daga 1 har zuwa wadda ka ba ta:

```
def jimla(n):
    if n == 0:
        return 0
    return n + jimla(n - 1)
```

Ka ba ta 4, ta ce 10. Ka ba ta 100, ta ce 5050. Sai ka ji daɗi ka miƙa mata 5000, nan take allo ya cika da rubutun ƙorafi, a can ƙasansa kalmar RecursionError. Amsar da kake nema kuwa 12,502,500 ce kawai, wadda ɗan sakandare zai fitar da biro idan an nuna masa dabarar. Injin da ke lissafi sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya ya ce ya gaza. Lissafin bai fi ƙarfinsa ba. Abin da ya faru shi ne wurin da yake ajiye ayyukan da ya fara bai gama ba ya kai iyakar da aka yanka masa. Wanda ya gane wannan wuri ya gane kiran kai, wato yadda fankishin, gungun umarni mai suna irin jimla ɗin nan, ke kiran kansa da kansa. Wanda bai gane shi ba zai yi ta haddace misalai yana mantawa.

Bari mu ajiye kiran kai tukuna, mu fara da kira na yau da kullum.

Tela yana cikin ɗinka babbar riga sai zare ya ƙare. Ya ɗaga ƙafa daga keke, ya bar rigar a ƙarƙashin allura daidai inda ya tsaya, ya ba yaron shago kuɗi ya ce ya sayo zare. Yaro ya je wurin mai kayan ɗinki ya miƙa dubu ɗaya, mai kaya ba shi da canji, sai ya ce yaron ya tsaya, ya aiki nasa ɗan wurin mai shayi ya canzo. A wannan lokaci mutum uku ne ke tsaye cak: tela yana jiran yaronsa, yaron yana jiran mai kaya, mai kaya yana jiran ɗansa. Mutum ɗaya ne ke motsi, wanda aka aika a ƙarshe. Kuma shi ne zai fara gamawa. Sai ya dawo da canji mai kaya zai sallami yaron tela, sai yaron ya dawo da zare tela zai mayar da ƙafa kan keke. Wanda ya fara aiki shi ne na ƙarshen gamawa.

Kowane ɗaya daga cikin masu jiran nan dole ya riƙe abu biyu a kansa: inda ya tsaya, da abin da ke hannunsa. Idan tela ya manta a wane gefen wuyan rigar ya tsaya, zaren da aka kawo bai amfane shi ba.

Haka fankishin yake, wato ɗan gungun umarnin da aka ba suna domin a riƙa kiransa. Idan fankishin na farko ya kira na biyu, na farkon yana tsayawa a tsakiyar layi. Furosesa, wato sashen kwamfuta da ke aiwatar da umarni, ba ta da hankalin tela, ba ta tuna komai sai abin da aka rubuta mata. Saboda haka a kowane kira ana yanko wani ɗan yanki na memori, masu sana'ar suna ce masa firam, a rubuta abu uku a ciki: adireshin umarnin da za a koma idan an gama (wato lambar gurbinsa a memori), ƙimomin da aka miƙa wa fankishin ɗin, da ƙananan ma'ajiyoyin da shi kansa zai buɗe yana aiki. Ana ɗora kowane sabon firam a kan na baya. Tarin nan shi ake kira sitak. Dokarsa irin ta lodin buhuna ce a babbar mota: buhun da aka loda a ƙarshe shi ake fara saukewa, ba mai zaro na ƙasa alhali na sama yana danne da shi.

A furosesar Intel da AMD, wadda ke cikin yawancin kwamfutocin tebur da na cinya, abin a fili yake. Umarnin CALL yana ɗora adireshin umarni na gaba a kan sitak, sannan ya yi tsalle zuwa fankishin ɗin da aka kira. Umarnin RET yana ɗauko adireshin da ke saman tarin ya koma can. Akwai rijista guda, wato ɗan ƙaramin ma'aji a cikin furosesa, wadda ba ta da wani aiki sai nuna inda saman tarin yake. Abin dariya, "sama" ɗin nan a zahiri ƙasa ne, domin sitak yana girma ne daga manyan adireshi zuwa ƙanana, kamar mai haƙa rijiya. Da masu zana littattafai sun zana shi a matsayin rijiya, da kalmar "zurfin kira" ta fi zama da ma'ana.

Wani abu da ke rikita masu koyo a nan shi ne bambancin kira a cikin kira da kira a cikin baka, wato alamun ( ) da ke bin sunan fankishin. Idan ka rubuta ninka(jimla(3)), ido yana ganin jimla a cikin cikin ninka, sai a ɗauka ninka ce ta fara aiki ta kira jimla. A'a. Sai an san abin da za a miƙa wa ninka kafin a kira ta, don haka jimla ce ke fara hawa sitak, ta gama, ta sauka, ta bar 6, sannan a kira ninka da 6. Ba su taɓa haɗuwa a kan tarin ba. Suna haɗuwa ne kawai idan a cikin jikin ninka aka rubuta kiran jimla. Na farko kamar tela ne ya sayo zarensa tun kafin ya zauna. Na biyu shi ne aike a tsakiyar ɗinki.

Kuma idan fankishin ya gama, ba a wanke firam ɗinsa. Rijistar nan ce kawai ake mayarwa baya. Rubutun yana nan, kamar malamin da ya fita daga aji ya bar lissafinsa a allo, har sai malami na gaba ya shigo ya rubuta nasa a kai. Wannan ne ya sa a yaren C wanda ya dawo da adireshin wani ma'ajin cikin fankishin yakan ga manhajarsa tana aiki lafiya lau yau, gobe ta kawo shirme. Yau ya leƙa allon kafin wani ya shigo ne.

To yanzu kiran kai. Sunan ne ma ke fara ɓatar da mutum. Mai koyo yakan tambaya: yaya fankishin zai kira kansa alhali bai gama ba? Kuma n ɗin nan, 4 ce ko 3? Tambayar ta taso ne daga ɗaukar cewa jimla abu ɗaya ce mai n ɗaya. Rubutun umarnin ne ɗaya. Masu bin sa suna da yawa, kowa da firam ɗinsa, kowa da n tasa. A wurin furosesa babu wani bambanci tsakanin jimla ta kira ninka da jimla ta kira jimla. CALL ɗin ɗaya ne, sabon firam ne ake yankowa, a ɗora a kan tari.

Mu bi jimla(4) da hannu, domin a nan ne abin ke zama a kai. Firam na farko yana da n = 4. Ya duba, 4 ba sifili ba ce, ya zo layin ƙarshe. Yana so ya tara 4 da wani abu da bai sani ba tukuna, sai ya tsaya ya yi aike. Firam na biyu yana da n = 3, shi ma ya tsaya. Lokacin da aka kai ƙasa, ga yadda tarin yake, na ƙarshen shigowa a layin ƙarshe:

```
jimla(4) tana jira: 4 + ?
jimla(3) tana jira: 3 + ?
jimla(2) tana jira: 2 + ?
jimla(1) tana jira: 1 + ?
jimla(0) ta ce: 0
```

Ka lura, har zuwa wannan lokaci ba a tara komai ba. Ko sau ɗaya alamar tarawa ba ta yi aiki ba. Duk tafiyar shiga ɗin nan alkawura ne ake jibgewa. Sai jimla(0), wadda ba ta bukatar tambayar kowa, ta dawo da 0 ta sauka. Nan jimla(1) ta farka daidai inda ta tsaya, ta haɗa 1 da 0 ta miƙa 1. Sai jimla(2) ta haɗa 2 da 1 ta miƙa 3, ta gaba ta miƙa 6, ta farko ta haɗa 4 da 6 ta ce 10. Aikin gaske a hanyar dawowa aka yi shi. Idan kana so ka gani da idonka, sa print, umarnin da ke nuna n a allo, ɗaya kafin kiran, ɗaya bayansa. Na farko zai jero 4, 3, 2, 1, na biyu zai jero 1, 2, 3, 4. Babu wanda ya rubuta umarnin juya jerin, tarin ne ya juya shi.

Layin nan na if n == 0 shi ne birki. Ka cire shi, aiken ba zai ƙare ba. Ko ka bar shi amma ka ba fankishin ɗin -1, sai n ta yi ta gangarawa -2, -3, ba za ta taɓa taka sifili ba. Samun birki bai isa ba, dole kowane kira ya matso kusa da shi.

Ni dai ina ganin malamai suna yi wa wannan darasi illa da irin misalin da na fara da shi. Tara lambobi ko ninka su jere aiki ne da zagayen for, umarnin maimaita aiki, zai yi a layi uku ba tare da ya tara firam ko ɗaya ba. Ɗalibi mai kaifin hankali zai ce to mene ne amfanin wannan wahala, kuma yana da gaskiya. Kiran kai yana nuna amfaninsa ne a abin da ke da rassa, inda kowane reshe yake kama da dukan bishiyar.

A ce sarki yana son sanin yawan mutanen ƙasarsa. Ba zai bi gida gida ba. Zai tambayi hakimi, hakimi ya tambayi dagaci, dagaci ya tambayi mai unguwa, mai unguwa ya tambayi magidanci. Umarni ɗaya ne ya ishi kowa daga sama har ƙasa: idan akwai wasu a ƙarƙashinka, tambayi kowannensu ka haɗa abin da suka faɗa. Idan babu, ƙirga mutanen gidanka ka faɗa.

```
def kirga(wannan):
    if not wannan.na_kasa:
        return wannan.mutane
    duka = 0
    for kowa in wannan.na_kasa:
        duka += kirga(kowa)
    return duka
```

Wannan rubutu bai damu da ko matakan mulki uku ne ko bakwai ba, ko kuma wata gunduma ta fi wata rassa. Da shi ake auna girman folda mai foldoji a cikinta, da shi burauza ke bin sassan shafin intanet waɗanda ke cikin juna, da shi kompaila, manhajar da ke juya rubutunmu zuwa yaren inji, ke warware lissafi mai baka a cikin baka.

Akwai abin lura a misalin sarkin. Kwamfuta ɗaya bayan ɗaya take yi: sarki ya tambayi hakimi na farko, ya jira har ya gama da dukan dagatansa, sannan ya juya ga na biyu. Don haka ko da magidanta dubu ɗari biyar ne a ƙasar, masu jira a lokaci guda ba su wuce sarki ɗaya, hakimi ɗaya, dagaci ɗaya, mai unguwa ɗaya ba, ga magidanci ɗaya yana ƙirga. Firam biyar ke nan. Yawan kira daban, zurfin kira daban. Yawa yana cin lokaci, zurfi yana cin sitak, kuma cutar kowanne da maganinta.

Jerin Fibonacci ya fi komai nuna wannan. Kowace lamba a jerin jimlar biyun da suka gabace ta ce: 0, 1, 1, 2, 3, 5, 8. Idan ka rubuta shi kai tsaye, fib(n) ta kira fib(n - 1) da fib(n - 2), to neman ta 30 zai jawo kira 2,692,537, neman ta 40 kuma kira 331,160,281. Amma tarin bai taɓa wuce firam 30 ko 40 ba. Ba za ka ga RecursionError ba, za ka dai zauna kana kallon allo. Dalili shi ne ana sake lissafa abu ɗaya sau dubbai, kamar a ce kowane dagaci sai ya sake ƙirga unguwar da maƙwabcinsa ya riga ya ƙirga. Maganinsa rubuta amsar da aka samu a gefe, a duba kafin a sake aike. A Python layi guda na lru_cache, kayan aikin da ke yin wannan ajiyar daga rumbun functools, ya wadatar, kiran ya sauko daga miliyoyi zuwa 'yan gomomi. Jimla(5000) kuwa kira 5001 kacal take bukata, amma duk a tsaye suke a kan juna.

Yau sitak ya zama kamar iska, ba mai tambayar daga ina ya zo. Da ba haka abin yake ba. A injin PDP-8 da kamfanin DEC ya fitar a 1965, umarnin kira, JMS, yana rubuta adireshin dawowa ne a gurbin farko na fankishin ɗin da aka kira. Gurbi ɗaya tak. Idan fankishin ɗin ya kira kansa, adireshi na biyu ya hau kan na farko ya shafe shi, hanyar komawa gida ta ɓace. Yaren FORTRAN, wanda IBM ta fitar a 1957, ya ginu a kan irin wannan tunani na ba kowane fankishin wurinsa na dindindin, kuma ƙa'idar yaren ba ta halatta kiran kai ba sai a Fortran 90.

Dabarar tarin kuwa ta riga su. Alan Turing, a tsarin injin ACE da ya gabatar a Ingila a 1946, ya bayyana ajiye adireshin dawowa da ɗauko shi da kalmomi biyu masu ma'anar binnewa da tonowa. A birnin Munik na Jamus, Friedrich Bauer da Klaus Samelson sun fito da tsarin a 1955, suka nemi rajistar mallakarsa a 1957, suka ba shi sunan ɗakin ƙarƙashin ƙasa da Jamusawa ke ajiye kaya. Yaren LISP na John McCarthy, wanda aka fara a 1958, ya jingina kacokan a kan kiran kai. Sai ALGOL 60 ya shigar da shi cikin ƙa'idarsa, kuma a 1960 Edsger Dijkstra da Jaap Zonneveld suka kammala kompailarsa a Amstadam, a kan injin X1, inda kowane kira ke samun nasa yanki a kan tari. Tony Hoare ya gano dabarar jera bayanai ta Quicksort tun 1959 yana Mosko, amma sai da ya koyi ALGOL 60 ya sami yaren da zai faɗe ta a taƙaice, ya wallafa a 1961: raba jerin gida biyu, ka kira kanka a kan kowane gida.

Nawa ne girman sitak ɗin? A yawancin tsarin Linux babban zaren manhaja, wato babban layin aikin da take bi, yana samun megabayit 8, kuma umarnin ulimit -s zai nuna maka 8192. A Windows megabayit 1 ne idan ba a sauya ba. Kwamfuta mai RAM gigabayit 16 ba ta ba sitak ko kashi ɗaya cikin dubu na abin da take da shi ba. Dalilin shi ne tarin yana bukatar fili a jere ba tsinkewa, kuma kowane zaren aiki da nasa tarin, don haka ake yanka masa iyaka tun farko. Mu yi lissafi: idan firam ɗinka bayit 64 ne, megabayit 8 zai ɗauki kira 131,072. Idan ka buɗe ma'ajin bayit 4096 a cikin fankishin ɗin, zurfin ya faɗo zuwa wajen 2000. Idan tarin ya wuce iyaka a C, tsarin kwamfutar ne ke kashe manhajar nan take, galibi ba bayani sai saƙon segmentation fault. Java tana jefa StackOverflowError, burauzar Chrome kuma RangeError.

Python ba ta jira a kai bakin rami. Tana ƙirga zurfin kira da kanta, ta sa shinge a 1000. Wannan shingen jimla(5000) ta yi karo da shi. Ana iya ɗaga shi da sys.setrecursionlimit, kuma shi ne abu na farko da mai koyo ke yi idan ya gano. Wani lokacin daidai ne, idan ka san zurfin da kake bukata 3000 ne ba zai wuce ba. Amma idan birkinka ne ya lalace, ɗaga shinge jinkirta faɗuwa ne kawai. Yaren Go ya bi wata hanya: yana fara kowane tari da 'yan kilobayit, idan ya cika ya kwashe shi zuwa fili mafi girma, har zuwa gigabayit 1 a injin bit 64. Shi ma dai da iyakarsa.

Akwai wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta. Me ya sa jimla(4) take jira? Saboda tana da sauran aiki, tarawar nan. To idan aka miƙa tarawar gaba fa?

```
def jimla(n, tari=0):
    if n == 0:
        return tari
    return jimla(n - 1, tari + n)
```

Yanzu kiran shi ne abu na ƙarshe da fankishin ɗin ke yi. Ba abin da ya rage masa sai miƙa amsar da aka ba shi. Kamar yaron tela ya ce wa mai kaya, idan ɗanka ya dawo ya kai wa maigidana zaren kai tsaye, ni na tafi. Tunda ba abin jira, ana iya sake amfani da firam ɗin maimakon ɗora sabo, zurfin ya tsaya a ɗaya ko da n miliyan ce. Yaren Scheme ya wajabta wannan a ƙa'idarsa. Ƙa'idar JavaScript ta 2015 ta rubuta shi, amma cikin manyan burauzoji Safari ce ta aiwatar. Python kuwa ta ƙi da gangan. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro yaren, ya bayyana dalilansa a 2009, ciki har da cewa share firam yana share sawun da ake bi a gano kuskure. Don haka wannan sabon rubutun ma zai faɗi a 5000 a Python, daidai inda na farko ya faɗi.

Hujjar tasa ba ta banza ba ce. Dogon rubutun da Python ke zubowa idan manhaja ta faɗi, wanda masu koyo ke tsallakewa da ido, hoton sitak ne a daidai lokacin faɗuwar. Layin sama shi ne tela, layin ƙasa shi ne wanda aka aika a ƙarshe. Ka fara karantawa daga ƙasa, ka hau sama har ka iso layin farko da kai ka rubuta. Sau da yawa a nan ɓarnar take.

Sitak yana da wani rauni da ya fi cikewa muni. Adireshin dawowa yana zaune ne a maƙwabtaka da ma'ajiyoyin fankishin, a firam ɗaya. A C ba mai hana ka zuba bayit ɗari a ma'ajin da aka yi wa hamsin, rarar sai ta malala kan maƙwabta. Wanda ya iya tsara rarar zai rubuta adireshin da yake so a gurbin dawowa, RET kuma ba ta tambaya, inda aka nuna mata take zuwa. Ranar 2 ga Nuwamba 1988 tsutsar kwamfuta (manhaja mai yaɗa kanta daga inji zuwa inji) da Robert Morris, ɗalibi a jami'ar Cornell ta Amurka, ya saki ta bazu a intanet ɗin wancan zamani, kuma ɗaya daga cikin ƙofofin da ta bi ita ce wannan: ta aika bayit 536 ga manhajar fingerd wadda ta tanadi ma'ajin 512, tana karantawa da fankishin gets wanda ba ya auna tsawo. Sai a ƙa'idar C ta 2011 aka cire gets gaba ɗaya. Kompailolin yau suna sa wata lamba ta sirri tsakanin ma'ajiyoyi da adireshin dawowa, su duba ta kafin RET, idan ta sauya su kashe manhajar.

Inda rai ke kan layi ma, hana kiran kai ake yi ɗungurungum. Ƙa'idojin MISRA C da masana'antar motoci ke bi sun ce fankishin kada ya kira kansa, kai tsaye ko ta hannun wani. Dokoki goma da Gerard Holzmann na cibiyar JPL ta hukumar NASA ya fitar a 2006 sun faɗi haka tun a doka ta farko. Idan babu kiran kai, ana iya zama a lissafa zurfin da tarin zai taɓa kaiwa tun kafin a kunna injin. Idan akwai, zurfin ya koma hannun bayanan da za su shigo.

Wannan batu na ƙarshe ya shafi har mai rubuta ƙaramar manhajar intanet. Gwada json.loads('[' * 100000) a Python, wato ka ba fankishin mai karanta bayanan da manhajojin intanet ke aika wa juna alamar [ sau dubu ɗari. Baka dubu ɗari ne a buɗe, fayil ɗin bai fi kilobayit 100 ba, amma kowace baka kira ɗaya ce a kan na baya, sai RecursionError. Duk inda wani daga waje ne ke yanke zurfin abin da kake bi, to shi ke riƙe da sitak ɗinka. Ma'aunin da nake bi ke nan: idan zurfin yana tafiya da rabawa biyu, kamar neman suna a jerin da aka tsara, inda abu miliyan ɗaya ke ƙarewa a mataki 20, kiran kai ba shi da matsala, kuma ya fi daɗin karantawa. Idan zurfin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan bayanai, ko ban san mai kawo bayanan ba, sai in riƙe tarin da hannuna:

```
def kirga(sarki):
    tari = [sarki]
    duka = 0
    while tari:
        wannan = tari.pop()
        if wannan.na_kasa:
            tari.extend(wannan.na_kasa)
        else:
            duka += wannan.mutane
    return duka
```

Tarin bai ɓace ba, ga shi nan da sunansa a layi na biyu. Wuri kawai ya sauya: ya bar ɗan filin nan mai megabayit 8 ya koma babban filin memori, inda zai yi ta girma gwargwadon RAM ɗin injin. Kuma tunda yanzu a hannunka yake, kana iya sauya masa doka. Umarnin pop() yana ɗauko na ƙarshen shiga, shi ya sa ake gama gunduma ɗaya har gidajenta kafin a taɓa ta gaba. Ka mayar da shi pop(0), ya riƙa ɗauko na farkon shiga, sai sarki ya gana da dukan hakimai tukuna, sannan dukan dagatai, sannan masu unguwa. Jimlar mutanen ba za ta sauya ba, amma a tsakiyar aikin jerin zai kumbura har ya ɗauki kusan dukan magidantan ƙasar a lokaci guda.